Ƙugiya a Sunan Ruƙayya

Ina tsinke zogale a tsakar gida, hadari ya haɗo daga gabas, sai wayata ta yi ƙara a kan tabarma. Matar Sa'idu ce daga Kano. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Yaya, ya cika." Na yi salati, na tambaye ta yaushe za a kai shi, ta ce ana idar da la'asar. Na dubi inuwar katanga, na ga ko yanzu na fita tasha ba zan riske su ba. Na ajiye wayar, na ci gaba da tsinke ganyen, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Sa'idu ƙanena ne, shi ke bi na. Ciwon ƙoda ya yi ta fama da shi shekara biyu. Da na je gaisuwa, ranar sadakar uku, matarsa ta ja ni ɗaki ta miƙo mini wata takarda da aka ninke gida huɗu, ta yi laushi kamar tsohon zane. Ta ce a aljihun jakarsa take tun kafin aurensu, kuma ya ce in ta Allah ta kasance a ba ni. Sunayen mata tara ne da rubutun hannunsa. An ja layi a kan takwas. Na tara ba a taɓa shi ba: Ruƙayya Ɗanladi.

Daminar bana ta yi kama da ta shekarar da ya rubuta takardar, shi ya sa tun da na dawo Daura abin ya ƙi barina.

A waccan shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar damina. Ruwan farko ya zo da wuri ya yaudari mutane. Aka yi shuka, sai sama ta ɗauke kusan wata guda. Gero ya fito ya kai tsawon yatsa, ya tsaya, ya ƙone. Aka sake shuka da ɗan abin da ya rage a gindin rumbu, wato abin da za a ci shi aka mayar ƙasa. Da ruwan ya dawo kuma sai ya dawo ba tsagaitawa. Katangu suka jiƙe har suka riƙa zubar da ƙasa, ashana ta ƙi kamawa, itace ɗanye sai hayaƙi. Tufafi ba sa bushewa, komai na ɗaki warin raɓa yake. In rana ta leƙo tsakanin hadari biyu, zafinta mai danƙo ne, mutum yana zaune zufa na bin bayansa.

Lokacin ban daɗe da fita takaba ba, na dawo gidanmu da ke kusa da Kusugu da 'ya'yana biyu. Inna tana da rai. Ita ke riƙe da gwangwanin awo, kuma kullum sai na ga ta shafe bakinsa da yatsa, abin da ba ta taɓa yi ba a da. Kunun buɗa baki ya riƙa tsinkewa har ana ganin gindin kofi. Tafasa muke dafawa mu kwaɗa da ƙuli kaɗan, wani lokaci rama, wani lokaci yaɗiya. Sahur ɗumamen abin da aka rage ne, in an rage. Ana sallar asuba Sa'idu zai saɓa fartanya ya bi maƙwabta gonakin hanyar Sandamu, yau a yi ta wannan, gobe ta wancan. Kafin hantsi ya yi nisa sun dawo, leɓunansu fari fat, don ba mai iya kaiwa azahar a duƙe da azumi a baki. Sai ya watsa ruwa ya buɗe shago.

Shagon zauren gidanmu ne da ya gyara. Kwamfuta biyu, injin buga takarda ɗaya, da ƙaramin janareta mai tari kamar tsoho. Shi ya yi karatun kwamfuta. Ni firamare na gama, na yi shekara biyu a sakandare aka cire ni. A shagon ya koya mini buga rubutu don in rage zaman tunani.

Abu ɗaya muke faɗa a kai. Ni ba na rubuta Hausa ba ƙugiya. Malaminmu na aji uku ya sha murɗe mana kunne a kan cewa baki daban, baƙi daban, kuma abin ya zauna mini. Na matsa wa Sa'idu har ya gyara mini madannai yadda zan iya fitar da ɗ da ƙ da ɓ. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Yaya Malama," in ji shi, "in na rubuta Isiyaku ba ƙugiya, matarsa za ta ƙi shi ne?"

"Kai dai malalaci ne. Mutum ya sha wahalar raɗa wa ɗansa suna da rago, ka zo ka yanke masa wutsiya."

"To Allah ya ja zamanin sarauniyar ƙugiya."

A Sha'aban aikin ya zo. 'Yan ƙasarmu mazauna birane suka haɗa hatsin zakka da na sadaka, suka ce a raba a ƙauyukan wajen Sandamu da Dutsi. Suka naɗa kwamiti, kwamitin ya naɗa Sakatare. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya. An ce a rabon da ya gabata mutum ɗaya kan karɓa a Muhammadu, ya zagayo ya karɓa a Mamman, ya aiko ɗansa ya karɓa a Mamuda. Don haka masu hatsin suka ce wannan karon da kwamfuta za a yi, a buga suna ta nemo shi da duk masu kama da shi.

Sa'idu ya ce shi kaɗai ba zai iya gina irin wannan binciken ba, amma akwai wata manhajar bincike da wasu a wata ƙasa suka rubuta suka saki kyauta. Matsalar kawai, da wani yaren kwamfuta aka rubuta ta, shi kuma wani yaren ya iya. Na ce, "Au, ita ma kwamfutar ƙabila-ƙabila ce?" Ya yi dariya ya ce sosai ma, amma akwai tafinta a tsakani. Shi zai miƙa wa tafinta suna, tafinta ya miƙa wa manhajar, ita kuma ta jera shi a rumbunta yadda in an nema za ta ciro nan take.

Mata ba sa son faɗa wa namiji halin da gidansu ke ciki, sai aka ce ni zan rubuta mata, shi ya rubuta maza. Kwana shida muna yawo a kan babur. Ina shiga gida-gida da littafi, in mun dawo kowa ya buga nasa a kwamfuta. A wani ƙauye bayan Sandamu na haɗu da Ruƙayya. Doguwa ce, baƙa, mai tsaga uku a kumatu. Mijinta Ɗanladi ya rasu da rani ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ta shimfiɗa mini buhu, ta kawo ruwa a ƙwarya, ta ba ni haƙuri cewa ba ta da abin da za ta ɗora a kai. Da zan tashi ta zuba mini aduwa a gefen hijabi. Ta leƙa littafin, ko da yake ba ta karatu, ta ce, "Ki rubuta da kyau, 'yar nan, kar ya goge."

Na ce, "Iya, har ƙugiyarsa na sa masa." Ba ta gane ba, amma ta yi murmushi.

Ranar uku ga azumi Sakatare ya zo shago da dattawa biyu don ya ga aiki. Ana wannan laka da raɓa, shi rigarsa ta sha guga tana ƙamshin turare. Sa'idu ya danna a fara zuba sunaye cikin rumbun binciken. Na maza suka shige sumul. Ana shiga na mata, ba a yi nisa ba, komai ya tsaya cak, sai ga wani dogon rubutu ja da Turanci ya cika fuskar kwamfutar.

"Wannan kuma fa?" in ji Sakatare. "Kamar sakamakon ɗan da ya faɗi jarrabawa."

"Ranka ya daɗe, ƙorafi take yi. Bari in karanta in ji abin da take cewa."

"Ƙorafi? Injin ma ya koyi halin talaka? Kai, jibi manyan baƙi za su zo su ga rabo. Ba na son ganin jan abu. Ka rufe mata baki."

Dattawan suka yi dariya. Na ga kunya ta kama Sa'idu. Ranar daga gona ya dawo, idanunsa sun faɗa, ga fetur ɗin janareta saura kaɗan. Ya ce mini wataƙila layukan da na bari ba komai a cikinsu ne take tuntuɓe da su. Ya ƙara wasu layuka uku a aikinsa, ma'anarsu ita ce: in kika haɗu da abin da ya gagare ki, ki tsallake shi ki yi shiru. Ya sake dannawa. Ba ja ko ɗaya. Ya gwada neman sunaye kamar goma, duk suka fito. Sunayen da suka zo bakinsa ya gwada, na mazan da shi ya rubuta. Sakatare ya ce, "Ka gani? Kowane abu da yaren da yake ji."

Ranar rabon mutanen Sandamu an yi ruwa da asuba, sannan rana ta fito da ƙarfinta. Filin gaban ɗakin ajiyar hatsin ya cika tun da sassafe. Ƙasa na tururi, buhunan da ke ƙasa sun ja ruwa suna warin tsami. Mutane sun taho a ƙafa da azumi, kowa da buhu a ninke a hammata. Ni nake kan kwamfuta a layin mata. Mace ta faɗi sunanta, in buga, in ya fito a auna mata.

A kan ta huɗu a layi matsalar ta fara. Na buga, kwamfuta ta ce babu. Sakatare ya ce ta matsa gefe. Ban damu sosai ba, na ce ko ba ta cikin waɗanda na rubuta. Sai aka sake samun wata, aka sake samun wata. Wajen azahar Ruƙayya ta iso gabana. Ta gane ni, fuskarta ta saki.

"'Yar nan, kina lafiya? Ya ibada?"

Na amsa, na buga sunanta. Babu. Na goge na sake bugawa ba ƙugiya. Ta kawo mini wasu masu kama da shi daga wasu ƙauyuka, amma ba ita. Na buga sunan mijin kawai. Babu.

"Matsa, baiwar Allah," in ji Sakatare. "Ba ki ciki."

"Ranka ya daɗe, ina ciki. Wannan yarinyar ce ta rubuta ni, a ɗakina."

"Kowa haka yake cewa. Kwamfuta ba ta ƙarya. Ba ta azumi balle a ce yunwa ta ruɗa ta." Ya ɗaga murya don baƙin da ke kan kujeru su ji. "Kun ga amfanin abin? Da a takarda ne da ta wuce da shi."

Aka yi dariya. Ba manyan baƙin kaɗai ba. Matan da ke layi, masu yunwa irin tata, su ma suka yi. Wannan dariyar har yau in na tuna ta sai na ji kamar na haɗiye ƙuda.

Ruƙayya ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Da azumi a bakina zan yi ƙarya a kan tiya nawa? 'Yar nan, faɗa musu. Hijabinki ruwan toka ne ran nan. Na ba ki aduwa."

Na tuna hijabin, na tuna aduwar, 'ya'yana ne suka tsotse ta. Amma kwamfutar tana gabana ta ce babu, ga Sakatare a tsaye a kaina, ga baƙi. Sai na fara zargin kaina: ko na tsallake shafinta ne lokacin bugawa? In na ce na rubuta ta, laifin ya dawo kaina a gaban jama'a. Littafin yana gida, tafiyar da ba ta kai a dafa shayi ba. Ban tashi ba. Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, za a duba."

Ta tsaya kaɗan. Ta sake ninke buhunta, ta mayar hammata. Ta ce, "To. Allah ya karɓi ibadarmu." Ta juya ta fita ta tsakiyar mutane, ba ta sunkuyar da kai ba.

Mata tara aka kora a ranar. Namiji ko ɗaya ba a kora ba.

Muna komawa gida, tun kafin a kira magariba, na ciro littafin. Ga ta nan, shafi na sha ɗaya, da rubutuna. Na sa Sa'idu ya tayar da janareta da ɗan fetur ɗin da ya rage, na buɗe jerin da na buga. Ga ta nan ma. Duka taran suna nan. Da aka kira magariba Inna ta miƙo mana kunu, na ajiye nawa a gefe.

Sa'idu ya daɗe yana kallon jerin. Ya ce, "Yaya, to a hanya suka faɗi. Tsakanin hannunki da rumbun."

Washegari Allah ya taimake mu da ruwa. Tun asuba ake zuba shi kamar da bakin ƙwarya, aka ɗage rabon mutanen Dutsi. Sa'idu ya ɗauki galan ya fita cikin ruwan ya samo fetur. Muka zauna a shago, rufin na ɗiga a wuri biyu, mun tara roba da tukunya. Abin da ya fara yi shi ne cire layukan nan uku. Jan rubutun ya dawo. Wannan karon ya karanta shi a hankali, yana fassara mini. Tafinta ne ke magana, yana cewa: abin da ka miƙo ba irin wanda ake karɓa a wannan ƙofa ba ne.

"Wane abu?" na ce.

"Bai faɗa ba. Abu uku nake miƙawa a kan kowane mutum: suna, ƙauye, da lambar unguwa. Ɗaya daga ciki ne."

Ya fara zargin lambar. Ya ce wataƙila a matsayin rubutu take tafiya, manhajar kuma adadi take so, don a wurin kwamfuta bakwai da aka rubuta daban take da bakwai da ake ƙirgawa. Ya gyara, ya gwada. Ja. Ya ce ko na bar fili a ƙarshen sunaye, ya share. Ja. Ya ce ko sunayen mata sun yi tsawo don ina haɗawa da na miji. Ya yanke. Ja. Ya ce ko tafintan ne tsoho, bai dace da manhajar ba. Ya rufa leda a ka ya tafi shagon intanet da ke bakin kasuwa don ya sauko da sabo, ya kuma rubuta tambaya a wani dandali inda masu irin aikinsa ke taimakon juna. Bai dawo ba sai bayan azahar, jiƙe sharkaf, yana rawar sanyi. Sabon tafintan ma ja ya bayar. A dandalin mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma a gajarce: ya daina zato, ya sa kwamfutar ta nuna masa ainihin abin da take ƙi.

Sai ya yi hakan. Ya ce mata kar ta tsaya, kar kuma ta yi shiru: duk sunan da tafinta ya ƙi, ta rubuto shi gefe. Suka fito a jere, sun fi arba'in, har da na matan Dutsi da ba a kira ba tukuna. Ya dube su ya ce bai ga abin da ya haɗa su ba, ƙauyuka daban, lambobi daban. Idanunsa sun yi ja, ya ce in karanto masa da ƙarfi ko zai ji wani abu.

Na fara. "Ruƙayya Ɗanladi. Saddiƙa Musa. Hauwa Maiƙosai. Balaraba Ɗanjuma. Laɗifa Sale. Abu matar Baƙo."

Maƙogwarona ne ya riga idona ganewa. A bushe yake saboda azumi, kuma kowane suna sai ya maƙale mini a wuri guda. Na tsaya. Na sa yatsa a fuskar kwamfutar, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu suna ko ɗaya da ba shi da ƙugiya.

"Sa'idu," na ce, "ni ce."

Ya matso ya duba. Ya dafe kai. Ya sa kwamfutar ta faɗa masa irin abin da sunan Ruƙayya yake a lokacin da ake miƙa shi, sai ga shi ba a matsayin rubutu yake tafiya ba, ɗanyen abu ne yadda aka kwaso shi daga ma'aji. Ya yi mini bayani da abin da zan gane. Ya ce manhajar kamar mai injin niƙa ce, tsaba take karɓa. Shi kuma tun farko zangarniya yake miƙawa bai sani ba. In haruffan Turawa ne zalla, tafinta kan murje su da hannu ya wuce da su, don kowane harafi ƙwaya ɗaya ne. Harafi mai ƙugiya kuwa ƙwaya biyu ne a manne, tafinta bai san yadda zai raba su ba, sai ya mayar da damin gaba ɗaya. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya sussuke kowane suna da kansa, ya gaya wa kwamfutar da wane tsari aka rubuta shi, kafin ya miƙa.

Gyaran rabin layi ne. Na ga lokacin da ya buga shi, bai kai tsawon bisimilla ba. Ya zuba sunayen daga farko, ba ja. Na buga Ruƙayya Ɗanladi, ta fito a sama, da ƙauyenta, da 'ya'yanta huɗu.

Ba wanda ya yi murna a cikinmu. Ruwa na ɗiga a tukunya. Na ce da na rubuta yadda yake rubutawa da ba a kori kowa ba.

"A'a, Yaya. Kwamfutar ta gaya mini tun ran nan. Da jan rubutu ta gaya mini, a gaban mutane. Ni na rufe mata baki don mai turare ya ji daɗi."

Da safe muka sami Sakatare kafin a fara na Dutsi. Sa'idu ya nuna masa takardar da ya buga, ya ce mata tara na Sandamu an zalunce su, a aika musu rabonsu, a kuma faɗa a gaban jama'a cewa suna ciki.

"An rufe na Sandamu," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, rabon mutum tara ya rage ai."

"An ba mabuƙata."

Ban ga inda hatsin ya tafi ba, ba zan faɗi abin da ban gani ba. Na dai leƙa ɓangaren Sandamu a ɗakin ajiya na ga an share shi har da tsintsiya.

Sai ya juyo kaina. "Ke kuma Malama, da kin rubuta kamar yadda kowa ke rubutawa da duk wannan bai faru ba. Iyayi ke nan. A cire waɗannan ƙahonin daga sunayen mutane. Maganar sanarwa kuwa, kuna so masu hatsi su ji an ce kwamfuta ta yi kuskure, baɗi su hana? Ku rufa mana asiri."

Sa'idu bai cire ƙugiya ko ɗaya ba. Matan Dutsi duk suka karɓa. Amma sanarwar ba a yi ta ba, mu ma ba mu tashi a filin mun yi ta da bakinmu ba. Wannan ma ina sa shi a cikin abin da nake ƙyamar tunawa.

Ranar ce ya rubuta takardar nan. Inna ta ji labari, ta shiga ɗaki ta fito da gwangwaninta, ta auna daga abin da muke ci ta ƙulla gida tara. Ba wani abin kirki ba ne, ko kwana uku ba zai kai gida ba. Sa'idu ya ce ba hatsin ne babba ba. Ya riƙa fita bayan gona a kan babur, cikin laka, ƙauye-ƙauye. In ya je sai ya nemi mai unguwa, a kira matar, ya karanta sunanta daga takardar da kwamfuta ta buga a gaban mutane, ya ce, "Tana ciki. Ba ta yi ƙarya ba. Ni na yi kuskure." Wata ta yi kuka, wata ta zage shi, wata ta ce ya bari kawai. In ya dawo ya ja layi.

Hanyar ƙauyen su Ruƙayya ruwa ya yanke ta, sai da aka kwana shida ya samu wucewa. Ni na bi shi ranar. Muka tarar an jingina ƙaya a ƙofar gidan. Maƙwabciyarta ta ce ta tafi kwana uku da suka wuce, ita da yaran, da kaya a ka. Wasu sun ce wajen danginta a tsallaken iyaka, wasu sun ce birni ta nufa neman aikatau. Ba ta yi sallama da kowa ba.

Na ce yunwa ce ta kore ta?

Matar ta kawar da kai. "Yunwa kowa na yin ta. Tun da aka dawo daga rabon nan ake kiranta Ruƙayya Babu. A rijiya, a wurin daka. Har 'ya'yanta in sun fito sai a ce ga 'ya'yan Babu."

Sa'idu ya nemi mai unguwa duk da haka, ya karanta sunan a gaban waɗanda suka taru. Suka ce Allah sarki, ai dama sun san ba ta ƙarya. Na dubi bakunan da ke faɗin haka, na koma na zauna a gindin babur. Gonarta tana bakin hanya, geron ya fara ɗaukar ciki, ciyawa ta kusa shanye shi. Da muka dawo bai ja layi ba. Na ce ai ka faɗa a garinsu. Ya ce ba garinsu aka ce wa maƙaryaci ba.

Bayan shekara biyu ya koma Kano da aiki, ya yi aure. Inna ta rasu. Shagon ya zama ɗakin ɗana. Yanzu kowace waya tana fitar da ƙugiya ba wahala, jikata ma ta iya. Rabo kuma da yatsa ake yinsa, a dangwala a na'ura. Watan jiya na raka wata maƙwabciyata, na ji wani ma'aikaci yana ce wa wata tsohuwa na'ura ta ce babu, ta matsa. Wannan karon na yi magana, har aka ce in fita.

Ni da Sa'idu ba mu ƙara tayar da zancen Ruƙayya ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka ya bar shi a Daura tare da janareta. Sai daren jiya da na sake buɗe takardar na juya bayanta. Sunayen garuruwa ne da kasuwanni, a jere har ƙasa, da biro kala-kala: tashoshin mota, unguwannin da matan ƙauye ke aikatau a Kano, kasuwannin bakin iyaka, wani asibiti. Gaban kowanne ya rubuta abin da aka ce masa. Ba a san ta ba. An ce ta taɓa zama nan. Wata ce mai irin sunan. Na ƙarshen, ina jin a gadon jinya ya rubuta shi: wata mai shara ta ce akwai doguwar mace mai tsaga uku da ke sayar da ganye a wata kasuwa bayan Dutsi, ranar Laraba. Bai rubuta komai a gabansa ba. Kuma a duk bayan takardar, shi da bai taɓa damuwa ba, ko'ina ya sa ƙugiya.

Yau Litinin. Na sa takardar a jakata tare da shafi na sha ɗaya da na yage daga tsohon littafin. Ban sani ba ko ita ce, ban sani ba ko tana da rai. Har yanzu ba a gaya wa Ruƙayya cewa sunanta yana ciki ba.